Alawus ɗin liman da takardar izinin wa'azi: ina gwamnati ta samo wannan iko?

Tambaya: "Allah ya gafarta Malam, ni na'ibin liman ne a wani masallacin Juma'a a ƙasar Daura. Ina koyarwa a Islamiyya, ina kuma ɗan taɓa noma da damina. Kwanakin baya aka aiko mana da fom, wai mu cike sunayen liman da na'ibi da ladan, za a riƙa ba mu alawus duk wata. A wurin taron kuma wani jami'i ya ce nan gaba ba mai hawa mumbari ko zaman tafsiri sai an tantance shi. Mu kuwa a makaranta an koya mana cewa Najeriya ƙasa ce da ba ruwanta da addini. To in haka ne, ina gwamnati ta samo ikon sa hannu a naɗin liman ko hana malami wa'azi? Kuma in na karɓi kuɗin nan, na zama malamin gwamnati ke nan?"

Malam Na'ibi, Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Akwai ta doka, wato abin da tsarin mulki ya yarje wa gwamnati, akwai kuma ta aljihu, wato abin da kuɗin wata-wata ke yi wa harshen mai huɗuba. Ta farkon ita aka fi yi wa hayaniya a rediyo. Ni kuwa, bayan shekarun da na yi ina rajistara a kotun shari'a a nan Katsina, da zaman da na sha yi a kwamitocin sasanta rikicin masallatai, ta biyun ta fi ba ni tsoro. Hana malami magana da takarda sau da yawa jama'a yake ƙara masa. Abin da na ga yana kashe murya shi ne kuɗin da aka saba karɓa har aka ɗora cefanen gida a kansa.

Abin da takarda ta ce

Bari mu fara gyara abin da aka koya maka. Kalmar nan ta Turanci da ake fassara wa da "ba ruwanta da addini" ba ta cikin tsarin mulkin 1999. Abin da sashe na 10 ya ce shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini ya zama addinin hukuma ba. Iyakarsa ke nan. Tsarin mulkin nan dai shi ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga duk jihar da take buƙata, tun daga sashe na 275, kuma gwamna ne ke naɗa Alƙalin Alƙalan jiha bisa shawarar majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa, majalisar dokokin jiha ta tabbatar. Dokar 2006 ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Katsina kanta ta ƙaddamar da shari'a a 2000, zamanin Umaru Musa 'Yar'adua. Ƙasar da ke biyan albashin mai hukunci da fiƙihun Malikiyya ba za a ce ba ruwanta da addini ba. Ta dai ƙi zaɓar ɗaya ta ce shi ne nata.

Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da karantar da shi da yaɗa shi. Amma sashe na 45 ya buɗe wa gwamnati ƙofa: tana iya taƙaita wannan 'yanci da doka saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyya ko lafiyar jama'a, matuƙar taƙaitawar ta yi daidai da hankali a ƙasar dimokuraɗiyya. Duk wata dokar wa'azi da ka taɓa ji ta wannan ƙofa take shigowa, gardamar lauyoyi kuma a kan faɗin ƙofar take.

Kada kuma ka ɗauka ƙasashen da suka rubuta raba addini da mulki ɓaro-ɓaro sun tsira. Turkiyya ta rushe halifanci ran 3 ga Maris 1924, a ranar kuma ta kafa hukumar addini ta Diyanet, wadda har yau ita ke ɗaukar limamai aiki, tana biyan su, tana kuma tsara huɗubar Juma'a. Faransa, wadda dokarta ta 1905 ta ce hukuma ba ta biyan kowane addini, ministan cikin gidanta ne ya tsaya kai da fata aka kafa majalisar Musulmin ƙasar a 2003, don gwamnati ta samu wanda za ta riƙa kira. Ga maƙwabtanmu nan na Nijar da kuke shiga ta Kongolam: Seyni Kountché na hawa mulki a 1974 aka kafa ƙungiyar Musulunci ta ƙasa a ƙarƙashin idonsa, kuma a 2019 takaddamar dokar tsara harkokin ibada ta jawo tarzoma a Maraɗi bayan an kama wani limami. Abin da na fahimta shi ne, duk gwamnatin da ta ga mutum ɗaya yana tara dubban mutane kowace Juma'a suna saurarensa shiru, sai ta nemi hanyar zuwa wurinsa, ko me takardarta ta ce.

Abin ya girmi Najeriya

Mu Katsinawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Tun ƙarni na 15 sarakunan ƙasar Hausa ke jawo malamai jiki. Almagili ya sauka Katsina da Kano, ya rubuta wa Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, Suyuɗi kuma daga Misira ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa. Sarki na buƙatar malami don alƙalanci da addu'a da halasci a idon talakawa, malami na buƙatar sarki don kariya da abinci. Kalmar "malaman fada" ba 'yan Facebook suka ƙirƙiro ta ba.

Labarin da ya kamata kowane liman ya haddace shi ne na Magami, wajen 1788. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai da babbar salla ya raba musu kyauta. Shehu Usmanu ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Ka lura, Shehu bai ƙi zuwa taron ba, bai kuma zagi sarki ba. Ya je, ya zauna, ya yi ciniki, sai dai abin da ya saya da ƙimarsa na jama'a ne. Daga baya Sarkin Gobir Nafata ya zo da dokar hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, da hana rawani da mayafi. In ka so ka kira ta dokar tantance masu wa'azi ta wancan zamani, ba ka yi nisa da gaskiya ba, kuma kowa ya san inda ta kai Gobir.

Turawa sun fi Nafata wayo. A Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, kuma a zahiri ba a rufe masallaci ba. Abin da aka yi shi ne aka riƙe wuyan mai naɗa liman. A nan Katsina aka tuɓe Sarki Yero a 1906 aka ɗora Muhammadu Dikko, a Daura kuma Turawan ne suka maido gidan sarautar da jihadi ya kawar. Sannan aka zo da Baitulmali, wanda Katsina na cikin wuraren da aka fara gwada shi, alƙali ya koma ɗan albashi, da takardar naɗi da Razdan ke sa wa hannu. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, hukuma ta shiga har cikin abin da alƙali zai karanta. Wanda ya ƙi shiga layi kuwa, irin Malam Sa'idu ɗan Hayatu da aka zarga da Mahadiyanci, sai aka kama shi a 1923 aka kai shi Buea a Kamaru. Ga tsarin nan: albashi ga mafi yawa, gudun hijira ga 'yan kaɗan. Bayan 'yanci an canza masu riƙe igiyar, igiyar tana nan. Jama'atu Nasril Islam a 1962 da hannun Sardauna aka kafa ta, alhali yana Firimiya. Abacha ya tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, mutumin da ke shugabantar majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci a ƙasa.

Wannan ya amsa maka rabin tambayar naɗin liman. A al'adarmu masarauta ce ke ba da izinin buɗe masallacin Juma'a, ita ke naɗa wa babban liman rawani, ba sakatariyar gwamnati ba. To amma sarki gwamna ke ba shi sanda, kuɗin masarauta kuma daga hukuma yake fitowa. Gwamna bai naɗa limaminku ba, ya dai naɗa wanda ya naɗa shi.

Takardar izini

Dokar wa'azi ta zamani daga jini ta fito, kuma adalci ne a faɗi haka. Rikicin Maitatsine a Kano a Disamba 1980 ya ci dubban rayuka, ya sake ɓulla a Bulumkutu da Jimeta da Gombe. A cikin wannan yanayi ne tsohuwar Jihar Kaduna ta yi dokar wa'azi ta 1984, lokacin Katsina da Daura suna cikinta, tunda sai Satumba 1987 aka yanke mana jiha. Mu ma mun ɗanɗana namu: tsayuwar da aka yi tsakanin gwamnan soja John Madaki da almajiran Malam Yakubu Yahaya a 1991 kan wata mujalla da ta taɓa mutuncin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da rikicin Funtuwa na 1993. Bayan abin da ya faru a Maiduguri a 2009 kuwa, wanda ya ce gwamnati ta naɗe hannu ta bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama, bai binne kowa nasa ba.

Don haka ni ban ce hukuma ba ta da hurumi ba. Tana da shi a kan ƙarar lasifika da tsakar dare, tare hanya, tunzura jama'a su far wa wasu, da cin mutuncin addinin wani, wanda sashe na 210 na dokar laifuka ta Arewa, wato Final Kod, ya riga ya haramta tun kafin a haife ka. Duk waɗannan hukunci ne a kan abin da mutum ya aikata, a gaban alƙali, da shaidu, da damar ɗaukaka ƙara. Takardar izini wani abu ne daban: hana mutum buɗe baki tun bai yi laifi ba, sai wani kwamiti ya yarda da shi. Da gwamnatin El-Rufa'i ta tashi sabunta dokar Kaduna, babbar kotun jihar ta yanke a 2019 cewa tilasta wa masu wa'azi lasisi ya saɓa wa tsarin mulki, kuma wata ƙungiyar Kiristoci ce ta kai ƙarar. Maganar ba ta mutu ba, don a 2025 gwamnan Neja ya sake tayar da ita, har da batun duba huɗuba kafin a hau mumbari.

Ga abin da ba a cika faɗa ba, ni kuwa na gan shi da idona. Gwamnati ba ta san fiƙihu ba. In za ta tantance malami, malamai za ta ɗauko su tantance mata. Ka ga tambayar ta tashi daga "wa ya cancanta" ta koma "su wa ke kwamitin". Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 garuruwanmu ke da ɓangarori, kuma a yawancin zaman sulhun da na halarta, ba hukuma ce ta kutso kai ba, malamai ne suka je suka kira ta. Wannan ɓangare ya rubuta takardar koke a hana wancan buɗe Juma'a, shekara ta juyo wancan ya samu nasa a kujera ya rama. Har shari'ar Abduljabbar Nasiru Kabara a Kano, wadda ta fara da hana shi wa'azi a Fabrairu 2021, koken malamai ne ya gabace ta. Ba hukuncin nake tattaunawa ba, hanyar nake nuna maka. Duk malamin da ya ari sandar hukuma don dukan abokin saɓaninsa, ya sani sandar ba a gidansa za ta kwana ba.

Maganar kuɗin

A fiƙihu ba a haramta maka ba. Malamai sun bambanta ijara, wato a ɗauke ka haya a kan ibada, da abin da ake yanka wa liman ko ladan ko alƙali daga baitulmali don ya samu sukunin tsayuwa da aikin jama'a. Na biyun halas ne, kuma kuɗin ba na shugaban ƙaramar hukuma ba ne, na jama'a ne, har da harajin da kai ma kake biya a kasuwa. Magabata kansu ba su bi hanya ɗaya ba. Abu Hanifa ya ƙi alƙalanci har aka ɗaure shi, almajirinsa Abu Yusuf ya zama alƙalin alƙalan Haruna Rashid. Sahnun na mazhabarmu ya karɓi alƙalancin Ƙairawan bayan an daɗe ana lallashinsa, da sharaɗin hukuncinsa zai hau har kan mutanen gidan sarki, kuma bai karɓi albashi ba. Saboda haka wanda ya ce maka duk mai karɓa ya sayar da addininsa ya wuce gona da iri. Limaman karkara da yawa suna cikin talaucin da bai kamata al'umma ta bar su a ciki ba, masu zaginsu kuma ko mudun gero ba su taɓa kai musu ba.

Amma halas daban, abin da kuɗi ke yi wa zuciya daban. Na san wani dattijon limami, Allah ya jiƙansa, mutum mai tsoron Allah, wanda aka sa a jerin masu alawus, aka ba shi babur, shekara ta gaba aka ba shi kujerar Makka. Asibitin garinsu ya shekara ba magani, jama'a suna ta jiran ya taɓo maganar ran Juma'a. Da na tambaye shi, ya rantse mini ba wanda ya taɓa ce masa kada ya faɗi wani abu. Shi ne dai duk lokacin da ya zo kan maganar sai ya tuna babur ɗin, ya ga rashin kunya ne, ya koma kan falalar haƙuri. In baki ya ci, ido kan ji kunya, kuma mu Hausawa kunyar nan ta fi kowace doka ƙarfi a kanmu. Wanda ya ba da babur ɗin ya san haka sarai. Bai sayi ƙarya daga bakin liman ba, don liman bai taɓa yin ƙarya ba. Shirunsa kawai ya saya, kuma da araha.

Irin wannan tasiri ba ya barin takarda da za ka kai kotu. Buhunan kayan azumi, goron salla, kujerar malaman bita a aikin hajji, muƙamin mai ba da shawara, gayyatar addu'a gidan gwamnati ana saura wata uku zaɓe. Ko muƙamin da aka kafa da doka bai tsira ba: a 2024 Shaikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin Hisbar Kano bayan gwamna ya soki salon aikinta a bainar jama'a, sai da aka shiga tsakani ya dawo. Ya iya ajiyewa ne don yana da majalisin karatunsa da jama'arsa tun kafin kujerar.

Abin da gwamnatoci ba sa lissafawa shi ne suna ɓarar da abin da za su nema ran wuya. Ka tuna 2020. Da aka hana Juma'a saboda korona, matasa sun ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada. A Daura kuwa, inda aka fara rasa rai a jihar nan har aka kulle gari, kai ka fi ni sanin cewa limamin da jama'a suka saurara shi ne wanda suka san ba ya cin abincin kowa. Wanda aka saba ji yana yabon gwamnati, ran da ya faɗi gaskiya tsantsa game da annoba, sai aka ce an biya shi ne. Haka aka sha fama a kan allurar shan-inna tun 2003.

Kada dai in bar ka da zaton cewa wanda ya tsere wa gwamnati ya zama ɗa. Shaikh Nuru Khalid, da ya yi huɗuba kan rashin tsaro a Afrilu 2022, kwamitin masallacinsa na Apo a Abuja ne ya dakatar da shi. Attajirin da ya gina masallaci yana iya riƙe liman fiye da gwamna, uwar ƙungiya ma haka. Akwai kuma sabon ubangida, wato mabiya a waya: malamin da ya gano cewa zagin gwamnati ne ke kawo masu kallo, shi ma ba shi da ikon faɗin alherinta ko ya gani. Wannan ma ɗauri ne. Ni dai ma'aikacin kotu ne da ya ga shari'o'i, ba mai ba da fatawa ba, hukuncin halin da kake ciki kuwa malaminka da ya san ka ya fi ni cancantar yanke shi.

Game da fom ɗin, kafin ka sa hannu ka je wurin sakataren ka yi tambaya cikin ladabi. Duk masallatan Juma'a na yankin aka sa, na ɗariƙa da na Izala da sauransu, ko zaɓa aka yi? In zaɓa aka yi, wannan ba haƙƙi ba ne, ƙugiya ce. Ta banki za a riƙa biya bisa rubutacciyar ƙa'ida, ko a ambulan daga hannun ɗan siyasa, kai kuma ka durƙusa ka yi godiya ana ɗaukar hoto? Wa ke da ikon cire suna, kuma da wane dalili? Maganar tantancewa kuma, ka nemi a nuna maka dokar da majalisa ta yi, don faɗar jami'i a taro ba doka ba ce. In akwai ta, ka duba su wa ke kwamitin da inda wanda aka hana zai kai kuka.

In amsoshin sun gamsar da kai ka karɓa, amma kada ka bar Islamiyyar, kada ka jinginar da gonar, kada kuma ka ƙara aure ko ka ci bashi da lissafin alawus ɗin. Ka sa shi a abin da in ya tsaya gobe gidanka ba zai girgiza ba, kamar littattafai ko taki. Sannan ku zauna da kwamitin masallaci ku fara maganar wakafi, ko da shaguna biyu ne a jikin katanga da hayarsu za ta riƙa zuwa wa liman da ladan, a rubuta a gaban shaidu yadda ba mai iya janyewa. Na ga masallacin da ya yi haka da shago uku da injin markaɗe. Ka kuma ajiye huɗubobin bara a gefe guda. In shekara ta zagayo ka ɗauko su ka gwada da na bana, ka duba ko akwai maganar da ka daina yi, sannan ka rubuto mini.